Barci Biyu a Dare Guda: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, ina kasuwanci a Kantin Kwari, shekaruna kuma sun haura hamsin. Kusan kullum nakan kwanta da misalin ƙarfe goma na dare, amma da zarar ƙarfe biyu ta yi sai idona ya bushe, in yi ta juyi a kan gado har wajen uku da rabi kafin barci ya sake ɗauke ni. Abin ya dame ni har na fara tunanin sayen ƙwayar barci. Sai ɗana da ke karatu a jami'a ya ce mini wai wani masanin tarihi Ba'amurke ya gano cewa haka mutanen da suke barci, kashi biyu, saboda haka ba ciwo ba ne. Shin da gaske ne, ko kuwa yaron yana kwantar mini da hankali ne kawai? *Daga wani magidanci a Yakasai, Kano.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka bai ƙirƙiri wannan magana ba, ko da yake ya ɗan yi gaggawar yanke hukunci. Masanin da yake nufi shi ne Roger Ekirch, farfesan tarihi a jami'ar Virginia Tech da ke Amurka, wanda ya shafe kimanin shekara 16 yana binciken yadda mutanen Turai suke rayuwa da dare kafin zuwan masana'antu da wutar lantarki. Ya fara bayyana abin da ya gano a wata muƙala da aka buga a 2001 a mujallar ƙungiyar masana tarihi ta Amurka, sannan a 2005 ya fitar da littafinsa mai suna *At Day's Close*, wanda ya fi mayar da hankali a kan shekarun da ke tsakanin 1500 da 1750.

Da farko ba barci ya fita nema ba. Daren kansa yake bincike, wato sata da gobara da 'yan sintiri da aikin dare da tsoron mayu da fatalwa. Yana cikin duba tsofaffin takardun shari'a a ma'ajiyar gwamnati da ke Landan sai ya ci karo da shaidar wata yarinya 'yar shekara tara daga arewacin Ingila, wadda ta bayar a ƙarshen ƙarni na 17. Yarinyar ta ce sun farka daga "barcin farko" ita da mahaifiyarta, uwar tana zaune a bakin murhu tana shan lofe, sai ga waɗansu maza biyu sun leƙo ta taga sun kira ta. Ta ce wa 'yar ta kwanta abinta, da safe za ta dawo. Ta bi su, kuma gawarta aka tsinta daga baya. Abin da ya tsaya wa masanin a rai shi ne yadda yarinyar ta ambaci barcin farko ba tare da wani bayani ba, magatakarda kuma ya rubuta shi haka nan bai nemi ƙarin haske ba, alamar cewa duk wanda ke wurin ya san abin da ake nufi. Idan kuwa akwai na farko, to akwai na biyu.

Daga nan ya shiga tsinto irin wannan ambato duk inda ya gan shi, a littattafan likitoci da na addu'a, da waƙoƙi, da wasannin kwaikwayo, da kundin da mutane kan rubuta abin da ya same su yau da gobe. Lokacin da littafin ya fito ya tara fiye da 500, daga baya kuma, da aka zuba tsofaffin rubuce-rubuce a kwamfuta bincike ya yi sauƙi, adadin ya haura 2,000 a harsuna da dama, ciki har da Faransanci da Italiyanci da Latin. Ya same shi har a waƙar Homer ta tsohuwar Girka. Marubucin Sifaniya Cervantes ma, a labarinsa na 1615, ya yi wa wani bara ba'a da cewa ubangidansa ya wadatu da barcin farko ya tashi, shi kuwa baran bai san na biyu ba domin nasa na farkon kan kai shi har wayewar gari. Ba a yin ba'a da abin da mai sauraro bai sani ba.

Tsarin da Ekirch ya fitar daga waɗannan hujjoji shi ne, mutane sukan kwanta tsakanin ƙarfe tara da goma, su yi barcin sa'a uku ko huɗu, su farka bayan tsakar dare su zauna ido biyu na kimanin sa'a guda ko fiye, sannan su koma har gari ya waye. A cikin wannan tazara wani yakan fita kewaye, wani ya gyara wuta ko ya leƙa dabbobinsa, wani ya yi hira da wanda suke kwance tare, wani kuma ya kwanta shiru yana juya mafarkin da ya farka da shi. Akwai littattafan ibada na Kirista na ƙarshen ƙarni na 15 da suka tanadi addu'o'i na musamman domin wannan lokaci. Wani likita Bafaranshe na ƙarni na 16, Laurent Joubert, har ya danganta yawan 'ya'yan manoma da leburori da cewa sukan kusanci iyalinsu ne bayan barcin farko, lokacin da gajiyar yini ta sake su. Ɓarayin itace da na 'ya'yan itatuwa su ma ba a bar su a baya ba, shi ya sa maganar ta yawaita a bakin shaidu a gaban kotu.

Kada ka ɗauka cewa zamanin jin daɗin barci ne, Alhaji. Shi kansa masanin ya nanata cewa barcin talakan Turai na wancan lokaci cike yake da wahala: ƙuma da kuɗin cizo da ƙwarƙwata, sanyi mai ratsa ƙashi, tarin marar lafiya, kukan jarirai, fargabar gobara da ta ɓarawo, ga iyali guda a kan shimfiɗa ɗaya, matafiyi kuma a masauki yakan kwana gado ɗaya da mutumin da bai taɓa gani ba. Bai kuma yi kira da a koma wannan tsari ba.

To me ya kawar da shi? Haske da agogo. An fara kunna fitilun titi a birnin Faris a 1667, a Amsterdam a 1669, Landan ta biyo baya a shekarun 1680. Sai gidajen shan kofi suka yawaita, masu hali suka fara mayar da farkon dare lokacin hira da ciniki, suna jinkirta kwanciya. A 1807 aka haska wani titi a Landan da fitilar gas, a 1879 kuma ƙwan lantarkin Edison ya fito. Masana'antu suka zo da ƙararrawar shiga aiki wadda ba ruwanta da wanda bai ƙoshi da barci ba, masu wa'azin sammako na ƙarni na 19 kuma suka riƙa kallon komawa barci na biyu a matsayin lalaci. Wanda ya kwanta sha ɗaya ko sha biyu, kuma dole ya tashi shida, ba shi da sararin farkawa a tsakiya. Ambaton barcin farko ya fara raguwa a tsakanin attajiran birane tun ƙarshen ƙarni na 17, ya yi ta ja da baya har ya ɓace a farkon ƙarni na 20. A wata muƙala ta 2015 Ekirch ya nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 ne, daidai lokacin da tsohon tsarin yake gushewa, likitoci suka fara yawan rubuta farkawar tsakar dare a jerin cututtuka.

Akwai gwaji guda da ya ƙarfafa masa gwiwa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Amurka, Thomas Wehr, ya sa waɗansu mutane zama cikin duhu na sa'a 14 kowane dare har tsawon wata guda, ya buga sakamakon a 1992. A kwanakin farko sun yi ta barcin kusan sa'a 11, kamar masu biyan bashi. Daga baya barcin ya daidaita a wajen sa'a takwas, amma ya rabu biyu, kusan huɗu-huɗu, da tazarar sa'a ɗaya zuwa uku a tsakani, suna kwance cikin natsuwa.

Sai dai ba kowa ne ya yarda cewa wannan shi ne asalin barcin ɗan Adam ba, kuma nan ne yaronka ya tsallake. A 2015 wata tawaga da Jerome Siegel na jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya jagoranta ta ɗaura wa mutum 94 na'ura mai kama da agogon hannu a cikin al'ummu uku da ba su da lantarki: Hadza a Tanzaniya, San a Namibiya, da Tsimane a Bolibiya. Sun samu cewa mutanen nan sukan yi barci ne fiye da sa'a uku bayan faɗuwar rana, su yi tsakanin sa'a 5.7 da 7.1, mafi yawa a jere ba tare da doguwar farkawa ba, su tashi kafin fitowar rana. Amma kuma a 2017 David Samson da abokan aikinsa sun sami alamun rabuwar barci a wani ƙauyen manoma marar lantarki a Madagaska. A ɓangaren masana tarihi ma, Niall Boyce ya sake karanta waɗansu daga cikin hujjojin Ingila a 2023, ya ce ba duk inda aka ambaci barcin farko ne ake nufin abin da Ekirch ya fahimta ba. A nawa ganin, hujjojin sun isa su tabbatar da cewa barci kashi biyu abu ne sananne a Turai na tsawon ƙarnoni, amma ba su isa su mayar da shi dokar halitta da ta hau kan kowa a ko'ina ba. Gwajin Wehr ma an yi shi ne a kan mutane 'yan kaɗan, a cikin daren da ya fi namu tsawo.

Yanzu mu dawo kanka. Idan ka kwanta goma, ka farka biyu, ka koma uku da rabi, ka tashi biyar da 'yan mintoci domin asuba, to barcinka bai kai sa'a shida ba, alhali likitocin barci suna ba baligi shawarar sa'a bakwai ko fiye. Ka ga ke nan abin dubawa shi ne jimillar, da kuma yadda kake yini. Idan kana wuni garau a shago, ba ka gyangyaɗi a kan ƙidayar kuɗi ko a bayan sitiyari, to farkawar ba abin tsoro ba ce, kuma sau da yawa fargabar "ga shi na sake farkawa" ita ce ke hana barcin dawowa. A nan ne sanin tarihin yake da amfani na zahiri. Ka gwada matso da kwanciyarka zuwa ƙarfe tara, ka bar goro da shayi da kofi tun daga la'asar, idan ka farka kada ka ɗauki waya ko ka kunna fitila mai ƙarfi, in kuma juyin ya yi yawa ka tashi ka yi alwala ka yi nafila ko ka zauna cikin duhu-duhu har barci ya sake zuwa. Amma idan fitsari ne ke tashinka sau da yawa, ko uwargida ta ce minsharinka yana yankewa kamar numfashi ya tsaya, ko kana tashi da ciwon kai, ko damuwa da ƙuncin zuciya suna tare da abin, ko kuma ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku yana ɓata maka yini, to ka ga likita, domin ciwon sukari da hawan jini da matsalar mafitsara da kan sami maza idan shekaru sun ja duk suna iya ɓuya a bayan wannan. Ƙwayar barci ta kemis kuwa, ba tare da takardar likita ba, ina roƙonka ka bar ta, saboda jiki yana saurin sabawa da ita, rabuwa da ita kuma aiki ne.

Tambaya: Malam, ni malamar makarantar sakandare ce, ina koyar da tarihi. Na ji labarin binciken nan na barci kashi biyu, amma duk misalan na Turawa ne. Shin kakanninmu a nan Kano su ma haka suke yi? Kuma ba za a iya cewa addininmu ya riga wannan Bature sanin abin ba, tun da muna da tahajjudi? *Daga wata malama a Gwale.*

Amsa: Malama, tambayarki ta fi ta farko wuya, kuma ina so mu bi ta a hankali, domin wuri ne da ake saurin zamewa.

Mu fara da ƙasa da sama. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka darenmu ba ya nisa da sa'a goma sha biyu, rani da damina. Bambancin da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba. A Ingila kuwa daren tsakiyar hunturu yakan kai sa'a 16. Mutumin da duhu ya rufe tun ƙarfe huɗu na yamma, kyandir kuma yana da tsada, dole ya sami abin da zai yi da ragowar daren da barci ba zai iya cinyewa ba. Bakano bai taɓa samun wannan rarar duhu ba. Daga lisha zuwa asuba kimanin sa'a tara ce, idan aka cire hira da cin abinci, abin da ya rage bai fi buƙatar jiki da yawa ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu ɗauko tsarin Ingila mu ɗora wa Kano kai tsaye.

Duk da haka akwai abubuwan da suka yi kama ƙwarai. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa ganuwar birnin tana da ƙofofi 15 na katako da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe su da faɗuwarta. Haka biranen Turai masu ganuwa suke yi, har da ƙararrawar da ke umartar kowa ya rufe wutarsa. Hasken gida a nan fitilar aci-balbal ce ta man gyaɗa ko man kaɗe, kafin zuwan kananzir da fitilar ƙwai, kuma mai ba abin wasa ba ne. Shi ya sa farin wata yake da daraja: a lokacinsa dandali kan cika, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, idan wata ya yi duhu kuma gari ya yi tsit da wuri. Tatsuniya aikin dare ce, har ana tsorata yara kada su yi ta da rana. Mata sukan haɗu a kan fitila ɗaya suna kaɗi suna hira, kamar dai yadda Ekirch ya bayyana taron kaɗin matan ƙauyukan Faransa da Jamus, inda ake tara mai wuri guda domin a rage asara. Wani babban abin da littafinsa ya nuna shi ne dare yana da fuska biyu, lokacin tsoro ne ga mai dukiya, lokacin sararawa ne kuma ga bara da bawa da yaron gida waɗanda rana ba tasu ba ce. Bahaushe ya riga ya faɗi duka biyun, da ya ce dare rigar mugu, ya kuma ce dare mahutar bawa.

Hujja mafi kusa da mu a kan barcin kansa daga Binuwai ta fito. Masanin al'adu Paul Bohannan, a rubutunsa na 1953 a kan yadda Tibi suke lissafin lokaci, ya nuna cewa suna amfani da barcin farko da barci na biyu wajen rarraba dare, kuma Ekirch ya kafa hujja da wannan lokacin da yake mayar wa tawagar Siegel martani a 2016. Tibi ba su san daren sa'a 16 ba, wanda ke nuna cewa tsawon duhu ba shi kaɗai ne dalili ba.

Sai maganar addini. Gaskiya ne cewa Musulunci ya rarraba dare dalla-dalla. Suratul Muzzammil ta yi maganar tsayuwar rabin dare da sulusinsa da kusan kashi biyu cikin uku. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, an siffanta sallar Annabi Dawuda, Alaihis Salam, da cewa yakan yi barci rabin dare, ya yi tsayuwa sulusinsa, ya sake yin barci sudusinsa. Idan kika haɗa rabi da sudusi za ki ga kashi biyu cikin uku na daren barci ne, a zango biyu. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, yakan yi barci a farkon dare ya raya ƙarshensa, an kuma ruwaito cewa ba ya son barci kafin lisha da hira bayanta. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da yara da masu hidima za su nemi izini kafin su shiga, wato kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan lisha, wanda ke nuna al'ummar da hutunta ya kasu tsakanin dare da ƙailula.

Amma ba na son mu mayar da wannan gasar wa ya riga wa. Tahajjudi ibada ce da mutum yake yaƙar barcinsa domin ya yi, da niyya, ana kuma yaba masa saboda wahalar da ke ciki. Abin da Ekirch yake bayyanawa ɗabi'a ce da take zuwa da kanta, ga mai ibada da ɓarawo baki ɗaya. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, al'ummar da ta kwanta da wuri bayan lisha, wadda malamanta da tsofaffinta suke tashi a sulusin ƙarshe, almajiranta suke hura wutar kara su yi karatu kafin alfijir, ladaninta yake kiran assalatu tun da sauran duhu, wasu kuma su ɗan koma bayan asuba ko su rama da ƙailula, ba ta taɓa ɗaukar barcin sa'a takwas a jere a matsayin ma'aunin lafiya ba. A watan azumi kuwa garin gaba ɗaya yake komawa barci zango-zango, ga tashe daga goma ga wata, ga sahur, ga tahajjudin goman ƙarshe.

Yanayi ma yana da hannu. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a waɗansu ranaku, ɗaki yakan riƙe zafin yini har tsakar dare, sai a baza tabarmi a tsakar gida ko a kan soro. Duk wadda ta yi reno a cikin birni ta san tashin ƙarfe uku, lokacin da iska ta juya ta yi sanyi, uwa ta miƙe ta lulluɓe yara ɗaya bayan ɗaya, ko ta ji ƙamshin hadari ta tashi kowa a kwashe shimfiɗa a guje ɗaki, a sake sabon barci. Wani abin lura kuma, a Turai lantarki ne ya haɗe barci ya zama guda, mu kuwa a nan rashin tabbacinsa raba shi yake yi, domin idan an kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare, sai ki ji unguwa ta farka, wannan tana guga, wancan yana tura ruwa tanki, tela ya koma kan kekensa, kowa yana laluben abin cajin waya.

Tun da tarihi kike koyarwa, abin da ya fi dacewa a ɗauka daga Ekirch shi ne hanyar aikinsa. Bai sami littafi ko ɗaya da aka rubuta domin bayyana barci kashi biyu ba. A gefen magana ya tsince shi, a inda shaida yake ƙoƙarin faɗin lokacin da abu ya faru. Muna da irin waɗannan takardu, kamar rajistar kotunan alƙalai na zamanin En'e, da abin da ke ajiye a Gidan Ɗan Hausa, da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna. Mai haƙurin karantawa zai duba yadda shaidu a shari'ar sata suke faɗin lokaci, ko da carar zakara ta farko, ko da talatainin dare, ko bayan an yi barci an farka. Ko ɗalibanki ma za su iya farawa daga gida, kowa ya zauna da kakarsa ya tambaye ta yaushe ake kwanciya a gidansu tana yarinya, wa ke fara tashi, me ake yi idan an farka, kuma su rubuta amsar da kalmomin tsohuwar ba tare da sun gyara mata ba.

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawa. Na tsara in riƙa kwanciya ƙarfe tara, in tashi ɗaya in yi karatu har huɗu, in koma barci zuwa biyar da rabi. Tun da an ce haka mutanen da suke yi, ko akwai laifi? *Daga wata ɗaliba a Kurna.*

Amsa: 'Yata, ki yi lissafin da kanki. Huɗu da ɗaya da rabi, sa'a biyar da rabi ke nan, alhali wanda bai kai shekara 18 ba yana buƙatar takwas zuwa goma, wanda ya haura kuma bakwai zuwa tara. Mutanen da Ekirch ya yi magana a kansu sun raba barcinsu ne, ba su rage shi ba, kuma tazarar tasu ta sa'a guda ce a cikin duhu, ba sa'a uku a gaban fitila mai haske ana haddar darasi ba. Haske mai ƙarfi a tsakar dare yana danne sinadarin melatonin da ke shaida wa jiki cewa dare ne, saboda haka da wuya barcin ƙarfe huɗun ya zo miki a lokacin da kika tsara masa.

Akwai kuma asarar da ta shafi jarrabawar kanta. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kimanin minti 90. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, barcin mafarki kuma ya fi yawa a ƙarshensa, kuma dukansu suna da hannu wajen zaunar da abin da aka karanta a ƙwaƙwalwa. Tsarin naki ƙarshen daren yake yankewa. Idan karatun dare ne ya fi shigar ki saboda gida ya yi shiru, ki kwanta da an idar da lisha an ci abinci, wajen takwas da rabi, ki tashi huɗu ki yi karatu har a kira asuba, ki ci gaba bayan salla kafin shirin makaranta, sannan ki yi ƙailular minti 20 zuwa 30 bayan azahar, kada ta wuce haka. A daren jarrabawar kuma ki rufe littafi da wuri, ki bar shayi mai kauri da goron da ƙawaye za su ba ki shawarar ci.